Darussan da Na Koya Wajen Fitar da Ragar Layuka a Zanen 3D

Duk wanda ya taɓa gina siffa a manhajar zanen 3D ya san cewa a ƙarƙashin kowace fata mai sheƙi akwai ragar da ke riƙe da ita: ɗigogi a sarari, layukan da suka haɗa su, sai fuskokin da layukan suka kewaye. Ganin wannan raga a lokacin aiki ba shi da wuya, domin a Blender da sauran manhajoji irinta dannawa ɗaya ta isa. Fitar da ita a hoton ƙarshe, yadda mai kallo zai gane abin da aka sa a gabansa, shi ne aikin da ya fi koya mini abubuwa tun da na fara shirya hotunan gine-gine da na sassan injina.

Abin da na fara fahimta shi ne injin fitar da hoto ba ya ganin siffa yadda maginin ya gina ta. Akasarinmu muna aiki da fuskoki masu kusurwa huɗu, saboda sun fi sauƙin gyara da lanƙwasawa, amma Cycles, injin fitar da hoto da ya shigo Blender a 2011, yana raba kowace fuska zuwa alwatika kafin ya lissafa haske. Don haka idan aka yi amfani da nod ɗin Wireframe, wato ɗan akwatin umarni da ke zana layukan raga, a cikin launin siffar, sai a ga layi ya ratsa kowane murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa. Ga mai shirya siffofin wasannin kwamfuta, wanda yawan alwatika ne damuwarsa, wannan hoto gaskiya ya faɗa masa. Ga mai gida da ya zo ganin bangon ɗakinsa kuwa, ba abin da waɗannan layuka za su ƙara masa sai ruɗani, kuma tambayar da zai yi ita ce ko ƙarfe za a gicciya a bangon.

Akwai wani kayan gyaran siffa, shi ma sunansa Wireframe, da ke mayar da kowane layi sanda ta gaske mai kauri, wadda haske ke sauka a kanta har ta yi inuwa. Shi ba ya ƙara layukan gicciye, kuma ana iya barin siffar asali a ƙarƙashi a ba sandunan launi daban. Sai dai kaurinsu da ma'aunin filin aiki ake auna shi, wato na kusa da kyamara su yi kauri, na nesa su sirance har su ɓace. Jerin kayan gyaran ma yana da tasiri sosai. Kowane mataki na Subdivision Surface, kayan gyaran da ke rarraba fuskoki don siffa ta yi sumul, yana ninka yawan fuskoki sau 4, mataki biyu sau 16, uku sau 64, kuma idan aka ɗora sandunan bayan wannan ninki, siffar kan koma kamar gidan sauro, ba a bambance gaba da baya, ga kwamfuta tana nishi.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar aikin, wato yanke shawarar layukan da za a cire. A 1832 masanin Suwizalan Louis Albert Necker ya bayyana cewa idan aka zana akwati da dukkan layukansa 12, ido kan riƙa sauya ra'ayi game da fuskar da ke gaba. Matsalar ba ta tsufa ba. A 1963, shekarar da Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad, ɗaya daga cikin manhajojin zane na farko, a jami'ar MIT ta Amurka, Lawrence Roberts ya fito da hanyar da kwamfuta za ta gane layukan da ke ɓoye a bayan siffa ta ƙi zana su. Mutanen wancan zamani dole ce ta sa su zana layi zalla, domin injinansu ba su da ƙarfin cike fuskoki da launi da inuwa. Mu a yau zaɓi ne muke yi, saboda haka ba mu da uzurin zuba wa mai kallo duk layin da ke cikin fayil.

Shi ya sa a yawancin ayyukan bayani na fi karkata ga Freestyle, kayan zana layuka wanda aka haɗa cikin Blender a sigar 2.67 ta 2013. Yana zana layukansa ne bayan an gama fitar da hoto, kuma yana ba mutum damar zaɓar iyakar siffa kaɗai, ko wuraren da fuskoki suka karye sosai, ko layukan da ya yi wa alama da hannunsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya ware layukan ɓoye a zana su a tsinke-tsinke, kamar yadda ƙa'idar zanen injiniyoyi ta tanada tun kafin zuwan kwamfuta, kuma duk maƙeri ko magini da ya saba karanta fulan yana ganewa nan take. Aibinsa shi ne jinkiri da cin ƙwaƙwalwa idan siffar ta yi nauyi. Line Art, wani kayan zana layuka da ya zo a sigar 2.93 ta 2021, ya rage wannan wahala, tunda ana ganin layukan tun a fagen aiki kafin a fitar da komai.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba sa bayyana sai hoto ya fara motsi. Idan layi da fuska suka kwanta a wuri ɗaya daidai, kwamfuta kan kasa tantance wanda ke gaba, sai layin ya riƙa ƙyalli yana ɓacewa daga hoto zuwa hoto. Maganinsa shi ne a ɗan ɗaga layin daga fuskar, a kuma rage tazarar da ke tsakanin iyakar kusa da iyakar nesa na abin da kyamara ke iya gani, domin faɗin wannan tazara ne ke rage daidaiton lissafin zurfi.

Kauri ma sai an yi la'akari da inda hoton zai ƙare. Layi mai kaurin fiksel ɗaya, wato ɗigo ɗaya na allo, yana da kyau a allo mai fiksel 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, amma mafi yawan masu ba ni aiki a waya suke kallo, bayan WhatsApp ya matse hoton, kuma a nan layin kan dushe ya bar toka-toka. Yanzu nakan fitar da layuka a shafi daban mai baya fayau, in ajiye su a matsayin fayil ɗin hoto na PNG, sannan in haɗa su da hoton siffar daga baya. Idan mai aiki ya ce layukan sun yi yawa ko launinsu bai yi masa ba, shafin layukan kaɗai nake sake fitarwa, hoton da ya ci sa'o'i yana nan yadda yake.