Masaukin marubuta a gindin duwatsun Shere

Shekara takwas ke nan ina riƙe da ƙaramin masauki mai ɗaki shida a bayan garin Jos, ta ɓangaren da ake hango duwatsun Shere, kuma yawancin baƙina masu neman inda za su killace kansu ne su ƙarasa rubutu: malaman jami'a masu haɗa kundin digiri na uku, da marubutan littattafan Hausa daga Kano, wani lokaci kuma ɗan jaridar da ya ɗauki hutu. Babban jarina shi ne sanyin garin, wanda ban saya da ko sisi ba. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato yake kai maki 40 har gumi ya riƙa jiƙa wa mutum takarda, a nan sai an ja mayafi da asuba.

Sanyin nan kuwa shi ne rabin aikin. Tilas ruwan zafi ya kasance a ƙofar kowane ɗaki kafin kiran assalatu, tilas a shanya barguna duk ranar da rana ta buɗe, kuma sai da na sa sola kafin na huta da ƙorafin masu kwamfuta, domin ƙarar janareta tana korar tunani. A wani Disamba wani malami ya iso daga Katsina da shadda kala uku masu kyau, ba ko rigar sanyi, washegari na tarar da shi ya rungume kofin shayi da hannu biyu, yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a haka babi ba zai fita ba." Muka tafi wajen 'yan gwanjo a Taminus aka saya masa suwaita da safa da hular sanyi, tun daga ranar nake rubuta wa kowane baƙo abin da zai zo da shi.

Da farko na yi kuskuren ɗaukar marubuci kamar ɗan yawon buɗe ido. Yau in kai su magangarar ruwa ta Assop, gobe dutsen Riyom, jibi gidan tarihin da aka buɗe a 1952, sai mutum ya koma gida da hotuna cike da waya da shafi huɗu kacal. Yanzu ranar Asabar kaɗai ake fita. Sauran kwanakin ba mai ƙwanƙwasa ƙofa kafin azahar, sai dai a ajiye abinci a rufe, galibi dankalin turawa da kabeji da karas da nake ɗaukowa a kasuwar Farin Gada, da gwaten acca ga wanda ya saba.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne sunan da garin ya yi tun rikicin 2001 da na 2008 da 2010. Da zarar an ji a rediyo cewa an sa dokar hana fita a wata ƙaramar hukuma, ko da tana da nisa da mu, waya za ta fara ƙara, iyalan baƙi suna cewa a dawo gida, waɗanda ba su iso ba kuma su nemi kuɗinsu na kafin alƙalami. Ina mayar musu ba tare da jayayya ba, ko da na riga na yi cefanen mako da su.