Abin da Na Koya daga Tarihin Turawan da Aka Kai Afirka ta Kudu a 1820

A shekarar 1819 majalisar dokokin Birtaniya ta ware fam 50,000 don kwashe wasu daga cikin mutanenta zuwa yankin Kef, a ƙasar da yanzu ake kira Afirka ta Kudu. An gama yaƙi da Napoleon tun 1815, sojoji sun dawo gida babu aikin yi, talaka na ji a jikinsa. Sai aka yi shela cewa gwamnati za ta ɗauki nauyin jirgin ruwa, kuma kowane magidanci zai samu fili eka 100. Mutum wajen 90,000 suka nema, aka ɗauki kimanin 4,000. Wannan shiri aka ba ni in yi nazari a kansa lokacin da muke karatun tarihin mulkin mallaka, kuma a nan na koyi karanta takardar gwamnati da ido biyu.

Abu na farko da ya zauna mini shi ne in tambayi mai fili kafin in saurari mai rabon fili. Wurin da aka sauke su, wato Zuurveld, makiyayar 'yan ƙabilar Xhosa ce. A 1811 zuwa 1812 Kanar John Graham ya kori kusan mutum 20,000 daga cikinsu da bakin bindiga, ya tsallakar da su kogin Fish, kuma sunansa aka sa wa garin Grahamstown. A watan Afrilun 1819 Makhanda ya jagoranci dubban mayaƙan Xhosa suka afka wa garin, ba su yi nasara ba. Gwamnan Kef Lord Charles Somerset ya san girke sojoji a kan iyaka akwai tsada. Abin da yake so shi ne iyalai su zauna a wurin, su zama shinge tsakaninsa da waɗanda aka kora. Masu rububin shiga jirgi a Ingila gona kawai suke hange.

Sannan ga ƙasar kanta. Ciyawar wurin ta kiwo ce, ita ma ba duk tsawon shekara take riƙe dabba ba, shi ya sa Turawan Bowa, wato manoma 'yan asalin Holan da suka riga su zuwa, suke riƙe wajen eka 6,000 kowannensu. To me eka 100 za ta yi? Da yawa cikin baƙin ma kafintoci ne da maƙera da teloli, ba su taɓa riƙe garma ba. Suka shuka alkama, cutar tsatsa ta cinye ta shekara uku a jere, a 1823 kuma ambaliya ta tafi da gidaje da gonaki. Mafi yawansu suka watsar da filayen suka koma sana'o'insu a Grahamstown da Port Elizabeth. Waɗanda suka tsaya sai daga baya suka farfaɗo, da kiwon tumaki masu ulu. Tun daga nan, in na ga tsarin tsugunar da jama'a da aka zana a ofis, nakan fara neman ko an tambayi manomi da makiyayin wurin.

Darasin da ya fi yi mini nauyi shi ne na tausayi. Duk wanda ya karanta wasiƙun mutanen nan sai ya ji musu: mace da goyo a cikin tanti, abinci ya ƙare, gida ya yi nisan da ba a komawa. Wahalar gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma na lura tausayina yana bin inda takardu suka fi yawa. Su an adana sunayensu, da shekarunsu, har da jirgin da kowa ya shigo. Waɗanda aka ƙone wa gidaje da hatsi a 1812 kuwa a dunƙule aka ƙidaya su. Malaminmu ya matsa mana mu nemi labarinsu a tarihin baka, mu kuma sake karanta rahoton sojojin muna tambayar wa aka yi wa abin da ake alfahari da shi. Da na yi haka sai na ga wani abu mai ɗaci: bayan yaƙin da aka yi da Xhosa a 1834 zuwa 1835, cikin waɗannan baƙi da talauci ya koro daga gida aka samu masu ɗaga murya a ƙara ƙwace ƙasar Xhosa.

A 1974 an buɗe katafaren gini na tunawa da Turawan da aka kawo a 1820 a kan tudun Grahamstown. Sai a 2018 gwamnatin Afirka ta Kudu ta sauya wa garin suna zuwa Makhanda.