Faifan da Ya Yaudari Kunnena

Shekarata ta biyu a gidan rediyo aka damƙa mini shirin waƙoƙin ƙasashen waje na daren Asabar. Lokacin ina ji da kaina, gani nake in na saurari waƙa minti ɗaya zan faɗi shekarar da aka yi ta.

Wata rana na ci karo da Ta det lugnt, faifan wata ƙungiyar mawaƙan Suwidin mai suna Dungen. Gita na kuka da dusasshiyar murya, sarewa ta leƙo ta koma, irin kiɗan rok ɗin nan da ke sa mutum mafarki ido biyu. Ko kwalin ban juya ba. Na buɗe makirufo na ce ga tsohon kaya daga wajen 1970.

Kafin waƙar ta ƙare, mai tsara shirin ya manna takarda a gilashin ɗakin: 2004. Da muka fito ya ce, "Malam, jagoransu Gustav Ejstes sai 1979 aka haife shi. A cikin uwa ya yi waƙar?"

Kunya ce ta zaunar da ni na jera fayafayansu a littafi: na farko mai sunan ƙungiyar a 2001, Stadsvandringar a 2002, Tio bitar a 2007, Skit i allt a 2010, Allas sak a 2015. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya na gane tsufan sautin nan da gangan ne. Ejstes ya haƙo shi daga kiɗan shekarun 1960 da 1970, ya cuɗa da waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu, kuma yawancin kayan kiɗan faifan 2004 shi ya buga da hannunsa. Kukan gitar da ya ruɗe ni kuwa, akwai hannun mai gitarsu Reine Fiske a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da harshen Suwidin suke waƙa, amma faifan ya karɓu har Amurka. Ni kuwa a lokacin ina ta yi wa yaran da ke kawo mana waƙoƙinsu huɗubar su koma Turanci in suna son duniya ta san su. Daga ranar na ja bakina.

A 2016 Dungen suka fitar da faifan Häxan, kiɗan da suka yi wa fim ɗin Bajamushiya Lotte Reiniger na 1926 kan Yarima Ahmed na Dare Dubu da Ɗaya. Daren da na sa shi, sai da na karanta shekarar sau biyu, mai tsara shirin yana kallona ta gilashi yana dariya.