Zaman Houston da kuɗin Bonny

Ɗan Kano da zai zo Houston, a jihar Texas ta Amurka, yakan ɗauka ya gama sanin zafi. Na nan daban ne, jiƙaƙƙe, mai nauyi, kana fitowa ƙofa riga ta like maka a baya. Garin kuma a baje yake, titi a kan titi, wanda ba shi da mota ko burodi da ƙyar zai sayo. Watannin farko a wurin wani dattijo ɗan Zariya na zauna, mutumin da ya daɗe a Texas har 'ya'yansa sun yi aure a nan. Baba muke ce masa. Gidansa yana kudu maso yammacin gari, inda 'yan Najeriya suka fi yawa, kuma a titin Bissonnet kusan duk cefanen gida za ka samu: manja, garin rogo, busasshiyar kuɓewa, har tsire da yajinsa. Mu Hausawa ba mu da yawa, Ibo da Yarbawa sun fi mu nesa ba kusa ba, shi ya sa Bahaushe ba ya kwana biyu da sauka sai labarinsa ya zaga. Juma'ata ta farko Baba ya kai ni masallacin da Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriyar nan da ya yi suna a ƙwallon kwando, ya kafa a tsakiyar birni, cikin wani tsohon ginin banki. A nan na fara jin hankalina ya kwanta.

Ranar da zan fara neman lasin tuƙi, muna cikin mota Baba ya ce, "Ɗana, abu guda zan gaya maka. Kuɗin da aka rubuta shi za ka biya, ko sisi kada ka ƙara. Babu na goro, babu a ga yara. Ka miƙa wa ma'aikaci wani abu a ƙasar nan, a hannun 'yan sanda za ka kwana." Na ce, "To, Baba." Na ɗauki lamba, na zauna cikin 'yan Meziko da 'yan Biyetnam har allo ya nuna tawa. Matar da ke bayan tebur ta duba takarduna, ta sa na leƙa na'urar gwajin ido, ta karɓi kuɗi ta ba ni rasit. Ba wanda ya ce fayil ya ɓace, ba wanda ya ja ni gefe. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur a sakatariya zai gane daɗin da na ji. Har yau ina lissafa wannan cikin manyan ni'imomin zaman nan, mutum ya karɓi haƙƙinsa a ofis ba tare da ya ƙasƙantar da kansa ba.

Da wannan tunani na kama aiki, a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani mai sayar da kayan aikin haƙar mai. Kowace shekara ana tara mu a yi mana bita kan dokar Amurka ta 1977, wadda ta haramta wa kamfanoninta bai wa jami'an ƙasashen waje cin hanci. Dokar ba daga sama ta faɗo ba. Bincike ne a wancan lokaci ya sa kamfanoni sama da 400 suka amsa cewa sun raba fiye da dala miliyan 300 a ƙasashen duniya. A wajen bitar akan haska taswirar duniya mai launi-launi, wadda aka ɗauko daga ma'aunin Transparency International, ƙungiyar da ke auna cin hanci a ƙasashe, Najeriya tana nan ja wur. Ni kaɗai ne ɗan Afirka a ɗakin, na kuwa ji idanu a kaina ko da ba wanda ya juyo. Bayan an tashi wata abokiyar aiki ta tambaye ni, cikin ladabi ba da raini ba, ko gaskiya ne a ƙasarmu ba a samun kwangila sai an biya. Na ce mata akwai gaskiya a ciki, don ba zan yi ƙarya in kare abin da na gani da idona ba. Amma misalin da mai bitar ya kawo ranar shi ya hana ni barci: Tsibirin Bonny.

Na san Bonny tun ina gida, kamar kowa, a matsayin inda ake sarrafa iskar gas a jihar Ribas a loda wa jiragen ruwa. Labarin yadda aka ba da kwangilar ginin masana'antar gas ɗin kuwa sama-sama na ji shi, da sunan "badaƙalar Halliburton". Sai a nan na zauna na karanta takardun kotu, waɗanda kowa zai iya samu a intanet. Kamfanoni huɗu ne suka haɗa kai: KBR na nan Houston, wanda Halliburton, wani kamfanin aikin mai na Amurka, ta mallaka har zuwa 2007, da Technip na Faransa, da Snamprogetti na Italiya, da JGC na Japan. Tsakanin 1995 da 2004 suka samu kwangiloli huɗu da kuɗinsu ya haura dala biliyan 6. Don su same su, sun tura kimanin dala miliyan 132 zuwa wani kamfani da aka yi wa rajista a Gibraltar, mallakin wani lauyan Landan mai suna Jeffrey Tesler, shi ne mai kai wa manya. Wasu fiye da miliyan 50 suka bi ta hannun kamfanin Marubeni na Japan, don ƙananan jami'ai. A takarda duk an rubuta su a matsayin kuɗin ba da shawara. Shugaban KBR na lokacin, Albert Stanley, wanda ake kira Jack, ya amsa cewa ya gana da mutum uku da suka riƙe wani muƙami na ƙoli a gwamnatin Najeriya ɗaya bayan ɗaya, yana neman kowanne ya nuna wakilin da za a yi ciniki da shi. Akwai inda takardun suka ba da labarin jakar hannu irin ta matuƙan jirgi, cike da dala miliyan 1 'yan ɗari-ɗari, da aka kai wani otel a Abuja domin wata jam'iyyar siyasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman da shugabannin kamfanonin suke yi don tsara wa za a bai wa nawa. Sunan da suka sa masa shi ne taron al'ada. Wato mutane masu kwat da digiri, a manyan ofisoshi, suka zauna suka auna kuɗin, suka nemi dillali, suka buɗe asusu a Suwizalan da Monako, sannan suka jingina abin ga al'adarmu. Ban wanke na Abuja ba, kuma ba zan taɓa wanke su ba. Tun muna makarantar allo muka ji cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Amma taswirar da ake haska mana gefe ɗaya kawai take shafa wa ja. Ba ta nuna inda jakar ta taso. Ba ta kuma nuna cewa har zuwa 1999 kamfanin Jamus yana iya sa cin hancin da ya biya a waje cikin kuɗin gudanarwa, a rage masa haraji a kansa.

An yi hukunci, wannan dole a faɗa. A 2009 KBR da Halliburton suka biya dala miliyan 579. Technip, Snamprogetti, JGC da Marubeni kowa ya biya nasa, Tesler ya sallama kusan miliyan 149, jimilla ta wuce dala biliyan 1.7. A watan Fabrairu na 2012, a kotun tarayya ta nan cikin gari, aka yanke wa Stanley wata 30 a kurkuku, Tesler wata 21. Nakan wuce ta gaban ginin kotun in zan je Juma'a. To amma ina kuɗin suka tafi? Baitulmalin Amurka. A Najeriya EFCC ta shigar da tata ƙarar a ƙarshen 2010, har da sunan Dick Cheney, tsohon mataimakin shugaban Amurka, wanda ya shugabanci Halliburton daga 1995 zuwa 2000, ko da yake Amurka ba ta taɓa tuhumarsa a kan lamarin ba. Ba a je ko'ina ba aka janye, Halliburton ta biya dala miliyan 35. A matsayina na mai lissafi na san kamfani ba ya cire cin hanci daga ribarsa, a cikin farashin kwangila yake cusa shi. NNPC ke da kashi 49 cikin ɗari na kamfanin da ya mallaki masana'antar gas ɗin. Saboda haka da kuɗin 'yan Najeriya aka sayi shugabannin Najeriya, da aka kama ɓarayin kuma tarar ta faɗa aljihun wata ƙasa. Sunan Stanley da na Tesler suna nan baro-baro a takardun kotu. Na Abuja da muƙami kawai aka ambace su.

Wani dare na kira Yayana, wanda yake ɗan taɓa ƙananan kwangiloli a gida, na zayyana masa duka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai yanzu ka sani? Mu da muke ciki kullum fa? Aikin rijiyar burtsatse ma sai ka cire kason oga kafin a sa hannu, sai ka cire na mai duba aiki, sannan ka bi kuɗinka wata da watanni. Abin da ya rage da shi za ka yi aikin, shi ya sa famfon ba ya shekara." Na ce, "Yaya, ai abin da nake faɗa ke nan, iri ɗaya ne, girma ne ya bambanta." Ya ce, "A'a, da bambanci. Ni in na ƙi, yarana ba su ci ba. Su in sun ƙi, me zai same su?" Na daɗe ina juya wannan magana. Kamfanoni huɗun nan suna cikin 'yan kaɗan a duniya da suka iya gina irin wannan masana'anta. Da sun haɗa baki sun ƙi, kamar yadda suka haɗa baki suka biya, da wuya a ce aikin ya gagara.

Baba shi ra'ayinsa daban. Yana ganin ina ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. "Ka zo neman abincinka, ka nema. Ƙasar nan aƙalla ta ɗaure nata. Mu fa?" Ban da amsar da zan ba shi a kan wannan, kuma ba na musu da shi, don ya girme ni ya kuma riƙe ni lokacin da ban san kowa ba. Sai dai a watan Fabrairu na 2025, da Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da aiki da dokar na kwana 180, bisa hujjar cewa tana hana kamfanonin Amurka gogayya a kasuwannin duniya, Baba ne ya fara kirana. Ya ce, "Ɗana, ka ji abin da aka yi?" Muryarsa ba daɗi. Daga baya an dawo da aiki da dokar bisa sababbin ƙa'idoji, amma duk wanda yake wannan harka ya ga cewa kariyar da muke taƙama da ita tana iya sassautawa da sa hannun mutum ɗaya.

Yanzu ina da mota, ina da ɗakina, na koyi tanadin ruwa da batir kafin guguwa, tun bayan da Beryl ta bar mu cikin duhu a 2024. Aikina kullum shi ne duba takardun biyan kuɗi kafin su wuce. Na san abin da nake nema: wakili a wata ƙasa wanda kamashonsa ya zarce na kowa, kuɗin shawara da ba a ga rahoton shawarar ba, aikin da aka yi a Afirka ta Yamma amma ana so a biya a asusun wani tsibiri. Kwanakin baya irin wannan ta zo teburina. Na riƙe ta, na rubuta wa sashen shari'a cewa ba zan sa hannu ba sai na ga yarjejeniyar da kuma shaidar aikin da wakilin ya yi. Mai kula da cinikin ya zo har wurina yana cewa jinkirin zai sa mu rasa abokin ciniki, ya ƙara da cewa ai ni na fi kowa sanin yadda ake harka a can. Na ce masa na sani ƙwarai, shi ya sa nake son ganin takardun. Lauyoyin kamfani suka goyi bayana, aka nemi wakilin ya kawo shaida, bai kawo ba, kuɗin kuma ba su fita ba.