Daren da shmmax ya hana ni barci

Shekarun baya aka kira ni in duba wata tsohuwar saba (kwamfutar da ke riƙe da bayanai) ta wani kantin sayar da magani, mai ɗauke da rumbun bayanai na PostgreSQL 9.1 a kan Linux. Ƙwaƙwalwarta gigabayit 8 ce, amma rumbun bayanan yana tafiyar hawainiya. Na ɗaga shared_buffers, ƙwaƙwalwar da rumbun ke ware wa kansa, zuwa gigabayit 2, wato kashi ɗaya cikin huɗu, na sake kunnawa. Shiru. Ya ƙi tashi, wai ya kasa samun ƙwaƙwalwar haɗaka.

Ashe kanel ne, wato zuciyar Linux, ya tare hanya. A wancan lokacin kernel.shmmax yana zuwa ne a kan bayit 33554432, megabayit 32 kacal, kuma shi ke iyakance girman yanki guda na ƙwaƙwalwar haɗaka. Na mayar da shi 2684354560 da umarnin sysctl -w, rumbu ya tashi garau. Shmall kuwa, wato iyakar jimillar ƙwaƙwalwar haɗaka duka, da shafuka ake ƙirga shi, kowane shafi bayit 4096, nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ban taɓa shi ba, domin 2097152 ɗin da ke ciki ya kai gigabayit 8.

Sai ga wautata. Ban rubuta sabon adadin a /etc/sysctl.conf ba, fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da saba ta tashi. Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta, saba ta mutu, da ta dawo ta koma gidan jiya. Da asuba mai kanti ya bugo: "Malam, allon nan fa babu komai, ga mutane sun fara layi."

Yaran yanzu sun huta. Tun daga PostgreSQL 9.3 a 2013 aka koma amfani da mmap, hanyar samun ƙwaƙwalwa da shmmax bai shafa ba, Linux 3.16 kuma ya saki iyakar. Masu rumbun Oracle dai har yau sai sun leƙa ipcs -lm, umarnin da ke nuna waɗannan iyakoki, kafin su girka.