Tambayar da Malam ya rubuta da jan biro

A shekarata ta uku a sashen tarihi aka ba mu jinga kan Yaƙin Duniya na Biyu, kowa ya zaɓi mutum ɗaya ya yi rubutu a kansa. Na ɗauki Guy Gibson, matuƙin jirgin yaƙin Birtaniya da ya jagoranci harin madatsun ruwan Jamus a daren 16 ga Mayun 1943. Labarin ne ya tafi da ni.

Jirage 19 samfurin Lancaster suka tashi, ɗauke da wani bam da injiniya Barnes Wallis ya ƙera, mai tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke wurga fallen dutse a kududdufi. Sharaɗinsa shi ne a sake shi daga ƙafa 60 kacal sama da ruwa, cikin dare. Sai suka maƙala fitilu biyu a ƙarƙashin jirgi. In hasken biyun ya haɗu wuri guda a kan ruwa, to tsayin ya yi daidai. Fitila kuwa ai kiran harsashi ce. Gibson ya fara jefa nasa a madatsar Mohne, ba ta fashe ba. Maimakon ya ja gefe, sai ya riƙa rako jiragen da ke biye da shi don masu bindigar ƙasa su raba hankali. Yana da shekara 24 a lokacin. Da Mohne ta ɓalle, ya ja ragowar zuwa Eder, ita ma ta fashe. Jirage 8 ba su dawo ba, mutum 53 cikin 133 suka mutu. An ba shi Victoria Cross, lambar jarumta da babu ta sama da ita a sojan Birtaniya.

Haka na zuba shafi goma sha biyu, ina jin na gama da kowa. Da takardar ta dawo, babu gyara ko ɗaya, sai layi guda a ƙasa da jan biro: "Ruwan ina ya tafi?"

Na same shi a ofis, na ce, "Malam, ban gane ba." Ya ce, "Ka ƙirga na sama. Je ka ƙirgo na ƙasa."

Kwana uku na yi a laburare. Ambaliyar ta kashe kimanin mutum 1,600, kuma akasarinsu ba ma Jamusawa ba ne: bayin aikin dole ne da Nazi suka kwaso, da yawansu mata daga Tarayyar Sobiyet, a sansani kusa da garin Neheim da ke ƙasan madatsar Mohne. Kafin ƙarshen shekarar Jamusawa sun gyara madatsun. Duk wannan babu shi a bayanin lambar yabon, kuma daga can na kwafo kusan komai, har da lafazin. Laifina ne: wanda ya rubuta bayanin, aikinsa yabo ne, ni kuwa nawa bincike.

Ban rage wa Gibson komai ba a rubutu na biyu. Namiji ne, ko maƙiyi ya sani, kuma shi ma bai ga ƙarshen yaƙin ba, jirginsa ya faɗi a Holan a Satumban 1944. Abin da na canza shi ne mafarin: na buɗe da Neheim, ruwa na shigowa cikin dare. Malam ya ba ni B, ya ce na makara da sati guda.