Airis ɗina ya farfaɗo

Yau da safe na leƙa tukunyar furen airis da ke bakin ƙofata a nan Ingila, sai ga sabon tsiro kore shar ya huda ƙasa, Fabrairu ma bai ƙare ba. Tun Nuwamba ganyen ya bushe, har maƙwabciyata ta ce in zubar. Na ƙi, don ransa yana cikin saiwar nan mai kauri kamar citta, inda yake ajiye abincin da ya tara lokacin zafi. Sanyi bai cika kashe shi ba, ruwan da ke kwanciya a tukunya ne ke ruɓar da saiwar.

Na tsuguna na cire matattun ganyen, yatsuna sun ƙage don sanyi, amma wallahi raina fes. Yanzu Mayu nake jira, in Allah ya kai mu, in ga furensa.